Wasiƙa ga Edita: Kayan kwalliyar mata baƙar fata da barazanar cutar sankara

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna, wato kayan kwalliyar da ake yi musamman domin mata baƙar fata, irin su man miƙar da gashi da muke kira rilaksa, da rinin gashi, da man sauya launin fata, da kuma alaƙar da masu bincike suka gano tsakanin wasu daga cikin waɗannan kaya da cutar sankara. Maganar ta shafi kusan kowane gida da ke da mace, amma ba kasafai nake ganin an tattauna ta da hujja a harshenmu ba.

Ina da shekara tara aka fara shafa mini rilaksa. Har yau ina iya tuna raɗaɗin da ke tashi daga ƙeya bayan 'yan mintuna, da muryar gwaggona tana cewa in daure, saura kaɗan ya kama. Washegari gashina yakan manne da fatar kai saboda ruwan da ƙunar ta fitar, bayan kwana biyu kuma ɓawo ya fito. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin rauni a lokacin, kuma gwaggona ƙaunata ce ta sa take yi mini, domin ita ma haka aka yi mata. Na ci gaba da shafawa sama da shekara ashirin. Abin da ya sa na tsaya na nemi sani shi ne rashin lafiyar yayata, wadda ta fara ganin jini bayan al'ada ta daɗe da ɗauke mata, aka auna aka ce sankarar mahaifa ce. An yi mata aiki, kuma alhamdu lillahi tana nan da ranta. Likitanta bai ce man gashi ne sanadi ba, ni ma ba zan ɗora masa ba, domin tana da shekaru da ƙiba da ciwon suga, waɗanda dukansu an san suna ƙara haɗarin wannan cuta. Amma zaman jinyar da na yi da ita shi ya kai ni ga karanta abubuwan da zan kawo a nan.

A watan Oktoba na 2022, masu bincike a Cibiyar Nazarin Lafiyar Muhalli ta gwamnatin Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dokta Alexandra White, suka fitar da sakamakon wani dogon nazari mai suna Sister Study. Sun bibiyi mata 33,497 masu shekara 35 zuwa 74 har kusan shekara 11, kuma a tsawon wannan lokaci 378 daga cikinsu suka kamu da sankarar mahaifa. Da suka yi lissafi, sai suka ga cewa a cikin matan da ba su yi amfani da man miƙar da gashi ba, kimanin kashi 1.64 cikin 100 ne za su kamu da cutar kafin su cika shekara 70, alhali a cikin waɗanda ke shafawa fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai kashi 4.05 cikin 100. Wato haɗarin ya ninka fiye da sau biyu. Yana da kyau a lura cewa ana maganar sankarar jikin mahaifa ne, wadda ta sha bamban da sankarar bakin mahaifa da ƙwayar cutar HPV ke haddasawa, domin mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya.

Ba na son a karanta waɗannan alƙaluma cikin firgici. Ko a cikin masu yawan shafawa, kusan mata 96 cikin 100 ba za su kamu da cutar ba. Sai dai idan aka tuna miliyoyin matan da ke shafa wannan mai a Afirka da Amurka da Turai da tsibiran Karebiyan, ƙarin mutum biyu a cikin kowane ɗari ya zama dubban iyaye mata. Masu binciken ba su ga alamar cewa jikin baƙar mace ya fi na wata saurin kamuwa saboda man ba. Abin da suka nuna shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na matan da suka ce suna shafawa baƙar fata ne, kuma su ne suka fi farawa tun suna ƙanana, suka fi maimaitawa, suka fi haɗa shi da wasu mayukan. Saboda haka nauyin ya fi faɗawa kansu.

Wannan nazari bai tsaya shi kaɗai ba. Jami'ar Boston tana da wani bincike da ta fara tun 1995 a kan lafiyar mata baƙar fata kimanin 59,000, kuma a 2023 ta ba da rahoton cewa a cikin matan da al'ada ta ɗauke musu, waɗanda suka yi amfani da rilaksa fiye da sau biyu a shekara ko fiye da shekara biyar, haɗarin sankarar mahaifa ya ƙaru musu da fiye da kashi 50 cikin 100. Tun a 2012 wannan binciken ya danganta rilaksa da ƙarin da ke fitowa a mahaifa, wanda ba sankara ba ne amma yana jawo zubar jini da wahala mai yawa. Shi kuwa Sister Study, a ƙarshen 2019 ya duba rinin gashi mai daɗewa a cikin mata 46,709, ya ga cewa a wajen mata baƙar fata yana tafiya da ƙarin haɗarin sankarar mama na kimanin kashi 45 cikin 100, a wajen farare kuma kashi 7 kacal, sannan a 2021 ya danganta yawan shafa man miƙar da gashi da sankarar ƙwan mace. Adalci ya sa in faɗi cewa binciken Boston na 2021 bai ga wata alaƙa tsakanin matsakaicin amfani da rilaksa da sankarar mama ba, sai a wajen waɗanda suka shafe shekara 15 ko fiye suna shafa rilaksa mai ƙarfi, wanda ake yi da soda, aƙalla sau bakwai a shekara. Wannan ma darasi ne, domin yana nuna cewa yawan shafawa da daɗewa a kai su ne abin dubawa.

Kamfanonin da ke yin waɗannan mayuka, waɗanda dubban mata suka kai ƙara a wata kotun tarayya da ke birnin Chicago, sun musanta cewa kayansu na haddasa sankara, kuma hujjarsu ita ce binciken ya nuna alaƙa ne kawai, bai tambayi matan sunan man da suka shafa ba, bai kuma auna abin da ke cikinsa ba. Gaskiya ne binciken bai yi haka ba. Amma ina ganin bai kamata wannan ya sa mu naɗe hannu ba, domin babu wani likita mai imani da zai raba 'yan mata gida biyu, ya sa a riƙa shafa wa rabi sinadari tsawon shekara talatin don a ga wa zai kamu. Da irin wannan bibiya ta jama'a aka fara gano alaƙar taba sigari da sankarar huhu a shekarun 1950, kuma masu sayar da taba sun shafe shekaru suna cewa ba a tabbatar ba. Idan bincike biyu manya, waɗanda mutane daban suka gudanar a kan mata daban, suka nuna hanya ɗaya, mai hankali yakan fara taka-tsantsan tun kafin kotu ta yanke hukunci.

Akwai kuma dalilin da ya sa alaƙar ta shiga hankali. Rilaksa mai ƙarfi da sodar nan mai ƙuna ake yin sa, irin wadda ake haɗa sabulu da ita kuma ake buɗe bututun ruwa da ya toshe, kuma aikinsa shi ne ya karya igiyoyin da ke riƙe da murɗewar gashi. Wanda aka rubuta cewa babu soda a cikinsa, shi ma wani sinadari ne mai kusan irin wannan ƙarfi, kuma yana ƙona fata idan ya daɗe. Fatar kai tana da jijiyoyin jini da ramukan gashi masu yawa, shi ya sa ta fi fatar hannu ko ta ƙafa tsotsar abin da aka ɗora mata, to ina ga an ƙona ta an buɗe rauni. Ta wannan ƙofa sauran abubuwan da aka zuba a man ke samun hanyar shiga jini. Daga cikinsu akwai farabin, wanda ake sawa don kada mai ya lalace, da fitalet, wanda ke riƙe ƙamshi, kuma dukansu suna cikin rukunin sinadaran da ke rikita aikin homon a jiki, wato sinadaran da jiki ke yi da kansa don tsara abubuwa irin su girma da al'ada da haihuwa. Wasu daga ciki suna kwaikwayon istirojin, homon ɗin mata wanda shi ke sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri kowane wata, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa yawansa ba tare da daidaito ba yana cikin manyan dalilan sankarar mahaifa da wasu nau'o'in sankarar mama.

Sai fomaldihaid, wanda ɗaliban likitanci suka sani da shi ake adana gawa da sassan jiki. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya shi tun 2004 a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam, musamman ta can cikin hanci da maƙogwaro, daga baya aka ƙara da sankarar jini. An fi samun sa a gyaran gashin nan na keratin, inda ake shafa ruwan magani sannan a bi da ƙarfen guga mai zafi, zafin kuma ya mayar da sinadarin hayaƙi. Wadda ake yi wa gyaran tana shaƙar hayaƙin sau ɗaya a 'yan watanni, amma mai gyaran gashi tana iya shaƙarsa sau da yawa a mako, a ɗakin da sau tari ba shi da isasshiyar iska. Idan ana maganar wannan haɗari, waɗannan mata masu neman halalinsu su ne suka fi ba ni tausayi, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Da a ce duk abin da ke cikin kwalba an rubuta shi a jikinta, da matsalar ta zo da sauƙi. A 2018 cibiyar Silent Spring da ke jihar Massachusetts ta auna kayan gashi 18 da ake sayar wa mata baƙar fata, ta samu sinadarai 45 masu rikita homon, kuma kashi 84 cikin 100 na abubuwan da ta gano ba a rubuta su a takardar jikin kayan ba. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne cewa rilaksan da aka yi don yara, mai hoton yarinya tana murmushi a kwali, shi ma yana ɗauke da sinadaran da aka hana a Tarayyar Turai ko aka sa musu takunkumi a jihar Kalifoniya. Wata ƙungiyar kare muhalli a Amurka, EWG, ta duba kaya 1,177 da ake tallata wa mata baƙar fata a 2016, ta ce ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne suka faɗa rukunin masu ƙarancin haɗari, alhali a kayan da ake yi wa kowa da kowa adadin ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Ke nan ko mace ta yi niyyar zaɓen mai kyau, zaɓin da aka ajiye mata a gaba ya fi na sauran mata ƙaranci.

Doka ma ba ta tafiya daidai a ko'ina. Tarayyar Turai ta haramta sinadarai fiye da 1,300 a kayan kwalliya. Amurka kuwa, dokar da ke kula da wannan fanni tun 1938 take, ba a yi mata wani gagarumin gyara ba sai a ƙarshen 2022, kuma ko shawarar da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta bayyana a 2023 ta hana fomaldihaid a man miƙar da gashi, an yi ta ɗage ranar fitar da ita. Wannan ya rushe wani zato da yawancinmu muke da shi, cewa duk man da aka ce daga ƙasar waje ya zo, an riga an tantance lafiyarsa. Abin da aka hana a wata ƙasa yana iya samun kasuwa a wata, balle kuma jabun kaya da ake kwaikwayon kwalinsu.

Man sauya launin fata, wanda aka fi sani da bilicin, shi ne ɗaya ɓangaren da ba zan iya tsallakewa ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa masu amfani da shi a kai a kai sun kama daga kashi 25 cikin 100 na mata a Mali zuwa kashi 59 a Togo da kashi 77 a Najeriya, kuma ana shafa shi sosai a Asiya da tsakanin baƙar fata mazauna Turai da Amurka. Abubuwa uku aka fi samu a cikinsa. Akwai zaiba, wadda ake kira makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda kuma ke iya kaiwa ga ɗan da ke ciki da jaririn da ake shayarwa, har ma da mutanen gidan da ke amfani da tawul ɗaya. Akwai haidrokwinon, wanda idan aka daɗe a kansa yakan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kunci da wuya wanda da wuya ya goge. Akwai kuma magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki don wata cutar fata, amma aka mayar da su man shafawa na kullum, suna sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, rauni ya ƙi warkewa, su kuma jawo hawan jini da ciwon suga. Game da sankara, abin lura shi ne duhun fatarmu garkuwa ne da Allah Ya yi mana daga hasken rana mai ƙona ƙwayoyin fata, kuma duk waɗannan mayuka aikinsu shi ne rage wannan garkuwa. Likitocin fata a birnin Dakar na Senegal sun ba da rahoton sankarar fata a jikin matan da suka shafe shekaru suna bilicin, a wuraren da rana ke duka kamar wuya. A nan karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta dace ƙwarai.

Ƙasashe sun yi yunƙuri. Afirka ta Kudu ta hana haidrokwinon a kayan kwalliya tun 1990, Kwaddibuwa ta kafa tata dokar a 2015, Gana da Ruwanda suka biyo baya. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta halaka mutanensa, ta fara da ƙayyade zaiba a kayan kwalliya, sannan a 2023 ƙasashen da suka sa hannu suka amince a haramta ta gaba ɗaya daga 2025. Duk da haka mayukan suna nan a kasuwa da intanet, kuma mafi haɗarinsu shi ne wanda ake haɗawa da hannu a zuba a roba babu suna babu takarda, a ce na gargajiya ne ko na itatuwa zalla.

Abubuwa biyu zan taɓo a gurguje. Hodar talik, wato hodar da ake yi da garin wani dutse mai laushi, wadda mata da yawa ke barbaɗawa a matsematsi, hukumar nan ta Liyon ta sanya ta a 2024 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara, musamman ta ƙwan mace, kuma kamfanin Johnson & Johnson, duk da yana cewa hodarsa ba ta da illa, ya daina sayar da ta talik a duniya baki ɗaya a 2023 ya koma ta sitaci. Sai gashin roba da ake ƙarawa a kitso, wanda mata da yawa suka koma gare shi don gudun rilaksa: ƙungiyar Consumer Reports, mai gwada kayan masarufi a Amurka, ta auna iri goma a 2025, ta samu sinadarai masu alaƙa da sankara a dukansu, da dalma a tara daga ciki. Tsoma shi a tafasasshen ruwa ko ƙona bakinsa da wuta yana fitar da tururin da bai kamata a shaƙa ba.

Ya Edita, ba na son wannan wasiƙa ta zama wata sabuwar bulala a kan mata. Ba da son rai mace ke zama tana jure ƙuna a kanta ba. An daɗe ana nuna mata a talla da fim da wurin ɗaukar aiki cewa gashinta na asali bai kimtsu ba, fatarta kuma ta yi duhu da yawa. A Amurka sai da ta kai jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019, wadda ake kira CROWN, don hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso ko gashin da Allah Ya halitta masa, wasu jihohi da dama suka bi sahu. Maza ma suna da nasu kason, domin namijin da ke yabon farar mace a gaban matarsa da 'ya'yansa mata ya riga ya yi wa mai sayar da bilicin rabin aiki. Matuƙar wannan matsin lamba bai ragu ba, wa'azi a kan illar sinadari kaɗai ba zai wadatar ba.

Duk da haka akwai abin da mace za ta iya yi daga yau, kuma mafi girmansa a ganina shi ne a ƙyale kan yara. Yarinyar da jikinta bai gama girma ba, wadda homon ɗinta ke shirin fara aiki, ba ta da wata bukatar rilaksa ko rini ko man haske, kuma duk shekarar da aka jinkirta mata ragi ne a jimillar abin da jikinta zai ɗauka a rayuwa. Babbar mace da ba ta shirya dainawa ba tana iya tsawaita tazara tsakanin shafawa, ta tsaya a sabon tsiro kawai, ta kare fatar kai da man da ke hana sinadarin taɓa ta, kada ta shafa a kan ƙuraje ko rauni ko bayan susa, kuma da zarar ta ji zafi a wanke, domin zafin alama ce ta ƙuna. Kada a haɗa rilaksa da rini a lokaci ɗaya. Mai gyaran gashi ta sa safar hannu, ta buɗe tagogi, ta kuma guji duk maganin keratin da ke sa ido hawaye ko maƙogwaro ƙaiƙayi idan ƙarfe ya hau shi. Mai juna biyu da mai shayarwa sun fi kowa cancantar hutawa daga waɗannan abubuwa. Wadda ta daɗe tana bilicin kuwa, gara ta ga likitan fata kafin ta daina, saboda yanke sitiroyid farat ɗaya yana iya tayar da ƙuraje da kumburi har ya sa ta koma.

Karanta takardar jikin kwalba yana da amfani duk da gibin da na ambata. Tunda da harshen waje ake rubuta su, ga yadda sunayen ke fitowa: formaldehyde, formalin da methylene glycol duk abu ɗaya ne, DMDM hydantoin, quaternium-15 da diazolidinyl urea suna sakin fomaldihaid a hankali cikin shamfu da man jiki, duk kalmar da ta ƙare da paraben farabin ce, mercury, mercurous chloride da calomel zaiba ce, clobetasol da betamethasone kuma sitiroyid ne. Kalmar fragrance ko parfum tana iya ɓoye sinadarai da dama, domin doka a ƙasashe da yawa ta bar wa kamfani sirrin haɗin ƙamshinsa, shi ya sa man da ba shi da ƙamshi ya fi zama abin natsuwa. Rubuta cewa kaya na halitta ne ba shaida ba ce, tunda kowa na iya buga wannan a kwali. Man da jerin abubuwan cikinsa gajere ne, ko tsantsar man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun waɗanda ba a gauraya da komai ba, sun isa su tausasa gashi da fata. Kuma sauyin yana aiki da wuri fiye da yadda ake zato: a wani gwaji da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta wallafa a 2016, 'yan mata ɗari 'yan asalin Latin Amurka sun sauya kayan kwalliyarsu na kwana uku kacal, kuma wasu daga cikin waɗannan sinadarai suka ragu a fitsarinsu da kimanin kashi 25 zuwa 45 cikin 100.

Ga waɗanda suka riga suka shafe shekaru suna shafawa, irina, abin da ya rage shi ne sa ido a kan jiki. Duk jinin da mace ta gani bayan al'ada ta ɗauke mata, ko ɗigo ɗaya ne, dalili ne na zuwa asibiti a wannan makon, haka ma jinin da ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, da ƙullutu a mama ko hammata, da kumburin ciki da ya ƙi sauka, da gyambon fata da ya ƙi warkewa. Sankarar mahaifa tana cikin waɗanda ake warkewa daga gare su sosai idan an gano da wuri, kuma abin da ya ceci yayata ke nan. A Amurka mata baƙar fata sun ninka farare kusan sau biyu wajen mutuwa da sankarar mahaifa, a ta mama kuma sun fi su da kimanin kashi 40 cikin 100, kuma jinkirin ganowa da rashin samun kulawa mai kyau suna cikin dalilan. Kunya da jiran a ga ko zai wuce suna cinye lokacin da magani ya fi tasiri.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta ɗauki wannan batu a matsayin aikin bincike, kada ta bar shi a shafin kwalliya. Ku sayi samfurin mayukan gashi da na fata da aka fi amfani da su, har da waɗanda ake haɗawa da hannu da waɗanda ake tallatawa a Facebook da Instagram da TikTok, ku kai ɗakin gwaji mai rajista a auna zaiba da haidrokwinon da sitiroyid da fomaldihaid, ku buga sakamakon da sunayen kayan, ku kuma ba masu su damar amsawa. Ku tambayi hukumomin kula da magunguna da kayan kwalliya sau nawa suke auna abin da ke kasuwa bayan sun ba shi lamba, da matakin da suka ɗauka a kan rilaksan yara tun bayan rahoton 2022. Ku gayyaci likitan mata da likitan fata su amsa tambayoyin masu karatu a shafin lafiya, ku kuma buga sunayen sinadaran nan da manyan baƙaƙe yadda mai gyaran gashi za ta iya yankewa ta manna a bangon shagonta. Sannan ina roƙon sashen tallace-tallacenku ya daina karɓar tallar duk wani mai da ke alƙawarin haske cikin kwana bakwai, matuƙar mai shi bai kawo takardar rajista da cikakken jerin abin da ya zuba a ciki ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku